Ƙwayar dalmar da Baba ya ajiye a kwalbar turare

Shekarata 12 lokacin da na tsiyayar wa ƙanwata ido, ita kuma tana da 7. Na daɗe ban iya faɗar wannan magana a miƙe haka ba. In an tambaye ni sai in ce tsautsayi ne ya same ta tana ƙarama, kamar daga sama abin ya faɗo. Sai da na nemi izininta kafin in zauna rubutun nan. Ta ce in rubuta, amma kada in sa sunan kowa, kuma kada in mai da ita abar tausayi.

A cikin birnin Zariya aka haife ni a 1984, a gidanmu na gado, ba nisa da Ƙofar Kuyambana. Baba ɗinkin hannu yake yi, na manyan riguna, aska biyu da aska takwas. Daga hantsi zuwa la'asar yana zaure da allura da zare, saboda haka a gidanmu an san darajar ido, shi ne jarin mai gida. Mu kuma yara harbi ne sana'armu. Kowa da danƙonsa a aljihu da tsakuwa cike da ɗaya aljihun. In babu makaranta mu fita ta bayan ganuwa mu nufi wajen Kufena, mu dawo da kurciya ɗaya ko biyu, mu gasa a raba har da ƙafa. A cikin tsarana ni ne gwani, kuma na san da haka.

Ƙanen mahaifiyata soja ne. A 1996 ya dawo daga Laberiya, ya tarar na ci jarrabawar shiga sakandare. Ya yi murna ƙwarai, don shi bai samu ya yi karatu mai zurfi ba. Bayan 'yan makonni ya zo da wani dogon kwali. Bindigar harbin tsuntsu ce, mai aiki da iska, ƙirar Sin, ƙotarta katako mai sheƙi, da wani ɗan gwangwani zagayayye cike da ƙwayoyin dalma. Inna ta ɓata rai. Ta ce ita ba ta son ƙarfe mai kama da wannan a gidan da yara suke. Kawu ya yi dariya, ya ce mata da Zazzagancinsa, "Haba Yaya, bindigan wasa ne fa, ko albarushi ba shi da shi." Baba ya ɗaga kai daga ɗinki ya ce in dai ta wasa ce a bar wa yaro kayansa, ya fi yawon banza.

Darasin da aka yi mini bai kai minti goma ba. Kawu ya nuna mini yadda ake karya ta a tsakiya, a danne bututun ƙasa da ƙarfi har a ji ƙas, wato wani ƙaton sifirin da ke cikinta ya matsu. Sai a sa ƙwaya guda, a mayar da bututun. In ka ja kunama sifirin ya saki, ya tunkuɗo iska, iskar ta fitar da ƙwayar. Faɗin ƙwayar milimita 4.5 ne, ba ta kai wake ba, siffarta kamar ɗan mitsitsin kalangu, tsakiya a tsuke. Ya kafa gwangwanin madara a kan turmi, na harba sau uku na samu biyu. Ya dafa kaina ya ce, "Wannan soja ne." Washegari ya koma bakin aikinsa. Abin da ba a faɗa mini ba, ni ma ban lura ba, shi ne da zarar an mayar da bututun, ɗanannar bindiga da wadda babu komai a cikinta kamarsu ɗaya. Ba ka ganin ƙwayar, ba ka ganin sifirin.

Wata uku na yi ina sarauta a unguwa. Yaran da suka girme ni suna bi na suna roƙon harbi ɗaya. A bayan ƙofar zaure nake jingine ta, kusa da tsintsiya.

Ranar da abin ya faru muna hutun ƙarshen shekara, Disamba, hunturu ya kankama, saura kamar mako biyu a kama azumi. Bayan azahar kurciya ta sauka a kan darbejiyar tsakar gida. Na lallaɓa na ɗana, na sa ƙwaya, kafin in saita ta tashi. Daidai nan Inna ta ƙwala mini kira in kai niƙa. Na jingine bindigar a inda na saba, na ɗauki kwano na fita. An ɗauke wuta, sai inji mai amfani da mai, ga layi. Na fi awa ɗaya. Kafin in dawo kurciya da ɗanawa duk sun fita daga kaina.

Na ajiye gari, na ɗauki bindiga, sai ga ƙanwata ta shigo daga makarantar allo. A lokacin mun cika kallon finafinan yaƙi a gidan bidiyo, wasan da muke yi ke nan kullum. Na ɗaga na saita ta na ce, "Hanzob!" Ta ɗaga hannu biyu, allonta a ɗaya, tana dariya, giɓinta a waje. Tsakaninmu bai fi taku biyar ba. Na kanne ido ɗaya kamar yadda Kawu ya koya mini, na ja kunama.

Ƙarar ba ta fi ta tafi ɗaya ba. Allon ne ya fara faɗuwa. Ba ta yi kuka nan take ba, ta dai tsuguna ta rufe idon hagu da tafin hannu, tana kallona da ɗayan kamar mai jiran in yi mata bayani. Sai wani ruwa gauraye da jini ya biyo tsakanin yatsunta.

Gida ya rikice. Wata ta ce a kawo ruwan sukari, wata ta ce a nemo mai shayarwa ta tatsa nono a ciki. Allah Ya saka wa wata maƙwabciyarmu ma'aikaciyar jinya da alheri, ita ta ture kowa. Ta ce idon da ya fashe ba a wanke shi, ba a ɗiga masa komai, ba a danna shi ko da auduga. Ta yanke gindin kofin roba ta kifa a kan idon ta ɗaure, ta ce a nemo mota. Baba ya dawo daga masallaci ya tarar da mu a haka. Ya kama kafaɗata ya ce, "Yaya aka yi?"

Na ce, "Gwangwani na harba a jikin katanga, sai ya dawo ya same ta."

Ban shirya ƙaryar ba, fitowa kawai ta yi. Ƙanwata tana jikin Inna, tana ji. Ba ta ce komai ba.

Aka kai ta babban asibiti, wanda a lokacin yana Tudun Wada kafin a koma Shika, daga nan aka tura mu asibitin ido a Kaduna. Hoto ya nuna ƙwayar a can ciki. Likita ya zaunar da Baba ya ce idon ba zai ƙara gani ba, kuma barinsa yana da haɗari, don wani lokaci idon da ya fashe yakan jawo wa mai lafiyar kumburi har shi ma ya mutu. Ya ce ba a son a wuce mako biyu ba a yanke shawara ba. Baba ya yi kwana biyu yana istihara, sannan ya sa hannu. Mutumin da yake zura zare a kafar allura ko da magariba, ranar sai da aka riƙe masa takardar saboda rawar hannu. Gonarmu ta bakin Galma ita ta tafi a wannan jinya.

Kawu ya iso ranar da aka yi tiyata, ko kakin bai cire ba. Likita ya miƙo wa Baba ƙwayar a cikin auduga. Kawu ya karɓa, ya mirgina ta a tafin hannunsa, ya ɗaga ta wajen hasken taga, sannan ya juyo ya dube ni. Ya daɗe yana dubana. Bai ce uffan ba. Da muka dawo Zariya ya ɗauki bindigar ya buga ta a dutsen niƙa har ta rabu biyu, ya jefa a tsohuwar rijiyar bayan gida.

Ba wanda ya doke ni, kuma da an doke ni da na fi samun sauƙi. Limamin unguwarmu da ya zo dubiya ya jawo hadisin Abdullahi ɗan Mugaffal, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, cewa Manzon Allah (SAW) ya hana jifa da 'yan tsakuwoyi, domin ba ya kashe abin farauta, ba ya karya abokin gaba, sai dai ya fasa ido ya karya haƙori. Ya kuma yi bayanin cewa diyyar ido ɗaya rabin diyyar rai ce, abin da yaro ya aikata hukuncin kuskure yake ɗauka, kuma dangin uba ne ke biya. Inna ta ce, "To Malam, dangin nasa ai su ne nata." Maganar ta tsaya a nan. Bai kawo ɗaya hadisin ba, na hana nuna wa ɗan'uwa makami ko da wasa, don a saninsa ban nuna mata ba. Ni na san shi daga Islamiyya, kuma shi ne ya riƙa hana ni barci.

Sallar ta zo a Fabrairun 1997. Ran hawa, da 'yan bindigar Sarki Shehu Idris suka fara sakin adaka, ƙanwata ta shige ƙarƙashin gadon Inna da bandejinta, ta toshe kunne. Ni na je in fito da ita, ta ƙi kama hannuna. Tun daga ranar ban sake zuwa kallon hawa ba, ko Daushe ko Bariki, ni da aka haifa a cikin ganuwa.

Masu ido biyu ba su san abin da ɗayan yake yi musu ba. Shi ke auna nisa. Wata da watanni tana zuba shayi a gefen kofi, tana tuntuɓe da dokin ƙofa, tana miƙa hannu ta karɓi abu ta kama iska. In ka zo mata ta hagu sai ta firgita. Da aka sa mata idon roba abin ya yi sauƙi, amma yaro yana girma kwarmin idonsa na girma, sai an riƙa sauyawa, kowane sauyi kuɗi ne da tafiya Kaduna. Yara a makaranta suka sa mata Dujal. Akwai wata tsohuwa mai ƙosai da ba ta sayar mata da sassafe sai wani ya fara saye, wai ganin mai ido ɗaya da safe rashin sa'a ne. Masu zuwa jaje kuma ba su da abin faɗa sai mai ido ɗaya ba ya gode Allah sai ya ga makaho. Har yau ba na son wannan karin magana. Mai ido biyu ne ya ƙirƙire ta.

Ni kuwa na lalace a hankali. Na maimaita aji biyu. Na roƙi a kai ni makarantar kwana, kowa ya ɗauka son karatu ne, alhali gudun fuskarta nake yi. Da na gama na tafi Legas wajen wani ɗan'uwanmu mai sayar da kayan gyaran mota, na yi shekara tara, Sallah kawai ke kawo ni gida, wata shekarar ma in ƙirƙiri uzuri. Duk abin da na samu sai na aiko mata: atamfa, waya, kuɗin makaranta. Mutane suna cewa ba su taɓa ganin wa mai son ƙanwarsa kamata ba. Kowane yabo kamar an zuba mini barkono a miki.

Ta yi karatunta, ta samu shaidar malanta, ta fara koyarwa a firamare. Sau biyu ana kawo kuɗin gaisuwa ana zuwa a karɓe, da zarar tsofaffin gidan mijin sun ji cewa idon na roba ne. Na ukun, wanda ta aura a 2012, ita ta cire idon da hannunta ta nuna masa tun zuwansa na biyu zance, ta ce ya je ya yi shawara. Bai je ko'ina ba. 'Ya'yansu huɗu yanzu.

Baba ya rasu a 2014. Bayan sadakar bakwai aka ce ni babba in buɗe akwatinsa na ƙarfe. A ƙarƙashin takardun gida da tsofaffin zanen aska na tarar da wata 'yar kwalbar turare, babu turare a ciki, sai ƙwayar dalma guda. Na zazzage ta a tafin hannu, kamar yadda Kawu ya yi shekara 18 da suka wuce. Tana nan da siffarta ta kalangu, in ban da ɗan lotsawa kaɗan a kai. Na harbi katanga sau ɗaruruwa a watannin nan uku, na san abin da siminti yake yi wa dalma: baje ta yake yi, ta koma kamar ƙaramin maɓalli. Wannan ba ta taɓa katanga ba, kuma duk wanda ya san harbi kallo ɗaya zai yi mata ya gane.

Ban iya tashi daga wurin ba sai da aka kira magariba.

Kawu na fara samu. Ya yi ritaya, ya tsufa, yana zaune a Dogarawa. Ban gama tambayar ba ya ce, "Tun a asibitin na faɗa wa babanka." Na ce to me Baba ya ce? Ya ce cewa ya yi a bar ka, yaro ne, mu da muka ba shi mu ke da laifi. Sai Kawu ya share fuska ya ce, "Ka san abin da ya fi ci mini rai? A Depo kurtu yana makonni yana saɓa bindiga babu harsashi, yana kwancewa yana haɗawa, ana yi masa tsawa in bakinta ya kalli mutum, kafin a bar shi ya yi harbi ɗaya, shi ma da mai koyarwa a tsaye a kansa. Ni na bi ta nan. Amma na miƙa maka na tafi, don na raina ta."

Daga nan na wuce gidan ƙanwata. Na zauna ta damarta, kamar yadda duk muka saba. Na yi ta kewaye-kewaye, ƙarshe na ce, "Ba katanga na harba ba. Ke na saita." Tana tsince shinkafa, ko ɗaga kai ba ta yi ba. Ta ce, "Yaya, ai ina kallonka. Da idon ma na gan ka." Na tambaye ta me ya hana ta faɗa. Ta ce da farko tsoro ta ji kada Baba ya kashe ni, daga baya kuma ta zuba ido ta ga ranar da zan faɗa da bakina. Ta ce harbin ta yafe shi tun tana firamare, don ta san ban san a ɗane take ba. Ƙaryar ce ta daɗe tana ci mata rai, da guduwar da na yi Legas na bar ta da masu ce mata Dujal, ina aiko da atamfa. Ta ce, "Ni wa nake nema a lokacin, ba zane ba." Na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izar Baba. Ta bar ni na gama, sannan ta ce in tsaya in ci abinci.

Abin da ya sa na tono duk wannan shi ne ɗana na fari. A 2024, yana da shekara 11, muna kallon wasannin Olamfik na Faransa a waya, aka nuno gasar harbi da bindigar iska daga nisan mita 10. Wata yarinya 'yar Koriya ta Kudu, Ban Hyo-jin, mai shekara 16, ita ta ɗauki zinare. Ɗigon da suke nema a tsakiyar takardar rabin milimita ne. Yaron ya kasa zaune. Ya ce, "Baba, 'yar shekara 16 ce fa. Ka sayo mini in fara koyo." Ashe ɗan wani maƙwabcinmu yana da ita, har ya taɓa ba shi ya harba.

Gaskiya wasan ya burge ni ni ma. Na ga natsuwa, na ga yadda suke riƙe numfashi. Amma na lura da abin da shi bai lura da shi ba. Kowa bakin bindigarsa wuri ɗaya yake kallo. Ba mai sa ƙwaya sai alƙali ya ba da umarni. Da an gama sai a zura wani zare mai launi ta cikin bututun, yadda kowa zai gani daga nesa cewa babu komai a ciki. Zaren nan kaɗai da ya isa ya bar wa ƙanwata idonta.

Wani abokina lauya ya nuna mini dokar makamai ta 1959, wadda har yanzu ake aiki da ita. Bindigar iska tana cikin jerin waɗanda sai da lasisin 'yan sanda ake mallaka, layi ɗaya da bindigar farauta, kuma ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba lasisi. Wato abin da aka ba ni ina ɗan 12 da sunan wasa, hukuma makami ta ɗauke shi tun kafin a haifi Kawu. Ga kuma zamanin da muke ciki. A da yaro ya ratsa bayan ganuwa da bindiga a kafaɗa sai dai a ce masa maharbi a ci lafiya. Yau ya nufi wajen Kufena da abu mai wannan siffa da yamma, ɗan sintirin da ya hango shi daga nesa ba zai tsaya tambayar ta iska ce ko ta wuta ba.

Maƙwabcin nawa bai yarda da ni ba. Ya ce Sayyidina Umar ya yi umarni a koya wa yara iyo da harbi da hawan doki, kuma a irin halin da Arewa take ciki ragon uba ne zai hana ɗansa sanin makami. Na ce masa ban musa ba, amma a koya aka ce, ba a saya a miƙa ba. Wa ke tsaye a kan ɗanka in yana harbi? Ina take kwana? Ya ce a ɗakin yaran. Na roƙe shi ko ƙwayoyin ne ya riƙa kullewa a wurinsa. Ya ce zai duba. Mun rabu a kan ɗana ba zai ƙara shiga gidansa ba in ba ya nan, kuma ya ji haushi, har yanzu gaisuwarmu ba ta koma daidai ba.

Ɗana na ce masa ba za ta kwana a gidana ba. In ya ci jarrabawar makarantar soja ta yara da ke nan Zariya, ko wata rana aka samu wurin koyo mai malami da ma'ajiya mai kwaɗo, ni zan sa masa hannu. Ya kumbura, ya ce don dai Gwaggo ta yi tsautsayi shi ke nan kowa ya haƙura. Nan na gane shi ma labarin katangar aka ba shi. Na ɗauko kwalbar na zazzage masa ƙwayar a hannu, na faɗa masa yadda aka yi tun daga kurciya har hanzob. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Gwaggo ta sani?" Na ce ya je ya tambaye ta.

Ya je. Ba su faɗa mini abin da suka tattauna ba. Har yanzu ina kama shi yana kallon bidiyon masu harbin nan, ban kuma hana shi ba. Watan jiya da za ta Kaduna a duba mata idon roban, shi ya ce zai raka ta. Na sauke su a tasha a Kwangila. Ina kallonsu suna tsallaka titi, ya bar damarta inda muke tsayawa, ya zagaya ta hagu, wajen da mashina ke fitowa.